Barewar Dosinda

A ƙauyen Soutelos, idan mutum ya shara ƙarya ba a ce masa maƙaryaci. Sai a dube shi kawai a ce, "Barewar Dosinda ke nan." Mai tallar kifi ya rantse yau da asuba aka kamo kifinsa, barewar Dosinda. Ɗan takara ya ce bana za a zuba wa hanyar tudu kwalta, barewar Dosinda. Har yaran da aka haifa a birni, waɗanda sai hutu ke kawo su, sun iya faɗa, ba su kuwa san tsohuwar da ke miƙo musu tuffa ta saman katanga ita ce mai barewar ba.

Tushen maganar ya kai shekara sittin da biyar. Lokacin Dosinda na da shekara tara, kullum da sassafe ita ke kora saniyarsu guda ɗaya zuwa dajin gari, can saman tudu inda Falalen Zobba yake. Dutse ne shimfiɗaɗɗe mai faɗin masussuka biyu, mutanen zamanin da can ne suka sassaƙa masa gurabe kamar na dara, kowane gurbi da zobba kewaye da shi, zobe cikin zobe, kamar an jefa tsakuwa a tafki ruwan ya daskare a haka. Zobban kam kowa ya san su, a cikinsu yara ke wasan tsakuwa tun kakanni.

Wata safiya ta sanyi rana ta leƙo daga bayan tudu, haskenta ya kwanta wa dutsen a karkace, sai ga barewa. Namiji ne, ƙahonsa da rassa kamar bishiya, ya ɗaga kai, ƙafafunsa a miƙe kamar zai yi tsalle. Dosinda ta durƙusa tana kallo, ta manta da saniya. Saniya kuwa ba ta manta da cikinta ba, ta gangara lambun mahaifin Secundino ta cinye kabejinsa layi huɗu.

Da aka tambaye ta inda hankalinta ya tafi, ta faɗi gaskiya. Rabin gari suka hau tudu da tsakar rana, aka duba dutse gaba da baya, ba barewa ba alamarta, sai zobban nan da aka sani. Ta sha mari wajen ubanta, ta kuma sami sunan da ya bi ta har ɗakin aure, ya bi ta haihuwa uku, ya raka ta jana'izar mijinta. Ita dai takan yi murmushi idan an faɗa. Mace ce mai sauraro fiye da magana, kuma ta san abin da idonta ya gani.

Da haka aka tafi har kakar bana, da hukuma ta ce za ta kafa allo a gefen dutsen saboda baƙi masu zuwa kallo. Aka turo wata matashiya, Sabela, wadda ta yi karatun kayan tarihi, ta auna dutsen ta zana zobbansa. Ranar Laraba da yamma aka taru a tsohuwar makarantar gari don ta karanta wa jama'a abin da za a rubuta. Secundino ne a kan tebur, shi ne shugaban masu kula da dajin gari, sa'an Dosinda ne kuma, tun ranar kabejin ubansa bai taɓa barin ta ta huta ba.

Sabela ta karanta shekarun dutsen, wajen dubu huɗu, aka yi ta jinjina kai. Ta karanta yawan gurabe. Sannan ta zo layin ƙarshe: "Mutanen ƙauyen suna da tatsuniyar wata yarinya da ta ce ta ga barewa a kan dutsen nan, amma ba a taɓa samun alamarta ba."

Ɗaki ya ɗauki dariya. Secundino ya buga tebur yana share hawaye.

"Kin shiga tarihi, tsohuwa! Da harshe uku za a buga ki, har Turawan Ingila sai sun san ki."

Dosinda ba ta yi dariya ba. Ta miƙe a hankali, ta miƙa hannu.

"Ba ni takardar nan, 'yata."

Ta sa tabarau, ta ɗora yatsa a kan layin, ta bi shi kalma bayan kalma, leɓenta na motsi. Sai da mijinta ya rasu, tana da shekara sittin da ɗaya, ta shiga ajin manya a wannan ɗakin ta koyi karatu, shi ya sa rubutu yake da nauyi a wurinta fiye da yadda yake a wurin waɗanda suka same shi tun suna yara. Tsokanar baki ta saba da ita, masu yi za su mutu, ita ma za ta mutu. Amma allon ƙarfe a gefen dutse, jikokin jikokinta za su tsaya su karanta.

"Wa ya ba ki wannan?"

Sabela ta dubi Secundino, ta sunkuyar da kai. "Gwaggo Dosinda, wallahi ban san ke ce yarinyar ba. Sai a cire layin."

"Ba za a cire ba," in ji Secundino. "Shi ne gishirin allon. In ba shi, wa zai tsaya karanta lissafin ramuka?"

"Ni ma ban ce a cire ba," Dosinda ta ce. "Gyarawa za a yi. Kalmar tatsuniya ce ba na so."

"To kawo mana barewar mana! Ki ɗauro ta da igiyar saniyarku."

"Yaushe za a kai takardar wajen masu bugawa?"

"Litinin, Gwaggo."

"Ashe da sauran kwana." Ta ninke tabarau ta koma ta zauna.

Safiya uku a jere ta hau tudu da sandarta, tana tsayawa hutu a kowace kwana saboda gwiwa. Ta tuna sarai: idan ka ƙaraso dutsen daga hanya, barewar tana hannun dama. Nan ta durƙusa tana jiran rana. Sai dai tudun da ta sani a buɗe yanzu ya cika da dogayen itatuwan katako masu ganye kamar allura, waɗanda gwamnati ta dasa tana budurwa. Kafin rana ta haye kansu ta riga ta yi sama, haskenta ya sauko a tsaye, dutse ya zama dutse kawai. Ta shafa da tafin hannu, ta bi tsaga da farce, ba ta ji komai ba sai gansakuka da sanyi.

Ranar Asabar ta tare Secundino a bakin famfo.

"Dino, itace huɗu kawai za a sare ta gabas."

"Itacen gari? Sai an kira taro, an kaɗa ƙuri'a, an rubuta wa hukuma. Zuwa Ista in Allah ya so."

"Da ka so, da yau ka sa an kawo zarto."

"Da saniyarku ta so, da ta bar mana ko layi ɗaya. Miyar ruwa muka sha a sanyin waccan shekarar, har yau ina jin ta a ƙashina."

"Ai ga shi nan ka rame," ta ce tana duban tumbinsa, ta ɗauki bokitinta ta wuce.

Lahadi ita ce ranar bikin gashin kastanya, wasu 'ya'yan itace masu ɓawo da ake gasawa a ci, bikin da ake yi kowace shekara idan 'ya'yan sun gama zuba, kuma tun da aka san gari a gefen Falalen Zobba ake yin sa. Dosinda ta so ta yi zamanta a gida. Palmira, matar marigayi yayanta, ta leƙo ta taga da kwando a ka.

"Tashi, ke! Ki zauna su ce kin ji kunya? Ɗauki tulun nan, ni hannuna ya cika."

"Matar Yaya, raina ba ya so."

"Ranki ya zauna ya yi gadin gida, ƙafarki nake so."

Kafin azahar tudu ya cika. Maza suka tara busassun ganyen nan masu kama da allura a fili nesa da dutse, suka zuba buhu biyu na kastanya a kai, suka cinna wuta. 'Ya'yan suka shiga fashewa, fas, fas, yara na tsalle suna ihu. Aka buɗe sabon ruwan inabi na bana, kowa na kushe na maƙwabcinsa yana miƙa kofi a ƙara masa. Mai algaitar salka ya hura, mata biyu suka ɗauki bandiri.

Palmira kuwa ta nufi aikinta na kowace shekara. A ƙasan dutsen, ta hannun hagu, akwai wani gefe mai santsi da ba shi da zobe ko ɗaya, shi ne teburin gari. Ta share shi da tsintsiya tas, sannan ta warware farin ƙyallenta na lilin, wanda uwarta ta noma, ta kaɗa zarensa, ta saƙa da hannunta, mai tsawon taku biyar. Shekara arba'in tana shimfiɗa shi a nan, ko ɗigon inabi bai taɓa zama a kansa ba, don tsaye take a kansa kamar soja. Ta jera burodin masara da cuku da soyayyen kifi, ta ɗaga murya.

"Duk wanda hannunsa ya taɓa toka, ya tsaya can! A miƙa masa."

Dalilin gargaɗin kowa ya san shi. Idan an ci an ƙoshi, sai a shafa hannu a baƙin gawayi a bi juna ana shafe fuska, babba da yaro, har limamin coci ba ya tsira. Wanda ya koma gida da farar fuska, bai je biki ba.

Dosinda ta zauna a kan kututture tana ɓare kastanya, tana kallon hannun dama na dutsen. Gobe Litinin. Sabela ta zo ta tsugunna kusa da ita da takardar a jaka, ta buɗe baki za ta yi magana, sai ga Secundino ya hau kan wani dutse da kofi a hannu, kumatunsa sun yi ja.

"Jama'a, a ɗaga kofi! Mu sha don lafiyar dabbar da ta fi kowace dabba arha a garin nan. Ba ta ci, ba ta sha, ba ta shiga lambun kowa, shekara sittin da biyar ba a taɓa kiran likita a kanta ba. Barewar Dosinda!"

Aka kwashe da dariya. Dosinda ta ajiye kastanyarta. Ta tashi ta nufi inda wuta ta mutu, ta nutsa hannayenta biyu cikin gawayi har wuyan hannu, ta murza, ta juyo.

"Dino, sauko."

"A'a, tsaya, ba a fara ba tukuna! Sai mai algaita ya ba da alama."

"Na ba da tawa."

Mutum mai shekara saba'in da biyar ya diro daga kan dutse ya ranta a na kare, mace mai saba'in da huɗu ta bi shi ba sanda, gwiwar da ke hana ta hawa tudu ta manta da ciwo. Gari ya dare gida biyu ana tafi, mai algaita ya ƙara wuta. Secundino ya kewaya tulu, ya ɓuya bayan liman, liman ya kauce. Ya ja da baya, ya ja da baya, dunduniyarsa ta bugi gefen dutse, sai ga shi zaune daɓas a tsakiyar ƙyallen Palmira, cuku ya yi nan, kifi ya yi can. Dosinda ta afka masa ta shafe shi tun daga goshi har wuya, sannan da za ta tashi ta dafa ƙyallen da hannu biyu, hannuwan suka zame, suka ja baƙin layi biyu masu faɗi a kan farin lilin.

Algaita ta ɗauke. Palmira ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo uwata! Wayyo saƙar uwata! Tsofaffin banza, ku tashi mini! Kai, buhun masara, ɗaga!"

Aka ja Secundino gefe. Palmira ta durƙusa, ta finciko ɗanyar ciyawa ta shiga goge baƙin da ƙarfi tana zagi, amma maimakon ya fita sai ya bazu, wuri mai faɗin faranti ya koma toka-toka. Tana cikin gugar sai hannunta ya tsaya.

A tsakiyar baƙin akwai wani siririn layi da ya ƙi yin baƙi. Fari ne sol, ya miƙe sama, ya rabu biyu, kowane reshe ya sake rabuwa.

"Wannan kuma mene ne?" in ji Palmira.

Sabela ta kutso ta durƙusa, ta dafa ƙyallen da yatsa a kan layin, ta ji ya lotsa. Ta ce, "Akwai sassaƙa a ƙasa. Ta goge har ido ba ya ganinta, amma inda dutse ya lotsa ƙyalle ba ya ɗaukar baƙi. Kada kowa ya motsa shi! Ku danne gefunan."

Dosinda na tsaye, baƙaƙen hannayenta a sake. Ta dubi reshen nan fari, ta ɗaga kai ta dubi hanyar da aka hawo, sannan ta juya ta dubi can ƙasa, inda ƙaya ta rufe wani tsohon kwari.

"Hanyar amalanke," ta ce a hankali. "Ta can muke hawowa da saniya. Da aka dasa itatuwa ne aka fasa wannan sabuwar." Ta yi wata 'yar dariya. "Hannun dama ne, na faɗa muku. Ni ce nake tsayawa a baibai."

Shekara da shekaru tana shafa ɗaya gefen, alhali kowace kaka a gadon bayan barewar take yanka burodi.

Yanzu fa ido ya koma kan Palmira. Reshen ƙaho guda aka gani, sauran jikin yana ƙarƙashin farin lilin taku biyar. Sabela ta ce za a iya jira, za ta kawo takarda ta musamman wani mako. Amma takardar allo gobe za a kai ta. Dosinda ta tsugunna kusa da matar yayanta.

"Matar Yaya, ƙyallenki ne. In kin ce a naɗe, a naɗe."

Palmira ta dubi ƙyallen, ta shafa bakinsa inda uwarta ta yi masa ado da jan zare. Ta dubi Dosinda, wadda suka yi shekara hamsin suna wanki a rafi ɗaya, kuma ita Palmira ma ta sha faɗin "barewar Dosinda" ba sau ɗaya ba. Ta ja dogon numfashi, ta miƙe, ta naɗe hannun riga.

"Ku matsa mini. In za a ɓata shi, mai shi ce za ta fara."

Ta je ta nutsa hannu a gawayi ta dawo. Daga nan kuma ba wanda ya jira izini. Aka kwashe kwanuka, mutum goma suka danne gefuna, sauran suka zagaye dutse a kan gwiwa, Sabela na ta roƙo, "A hankali, da tafin hannu, kada ku danna cikin layin!" Wuya ya fito. Gadon baya ya fito. Duk sashen da ya bayyana sai a yi shewa, mai algaita ya busa. Liman ne ya samo wutsiya, ya yi ta murna kamar shi ya halicce ta. Da ƙafafun gaba suka fito a miƙe, Dosinda ta zauna a ƙasa ta rufe baki da hannu, ta bar wa fuskarta baƙin yatsu biyar.

Ga namijin barewar nan, fari a kan baƙi, ya fi ɗan maraƙi girma, ya ɗaga kai, ƙahonsa kamar bishiya.

Secundino ne ke shafa can ƙarshen ƙyallen shi kaɗai, shiru, abin da ba a saba gani ba. Can sai ya ɗago, idanunsa kaɗai ke haske a fuskarsa.

"Ku zo ku gani! Akwai wata 'yar ƙarama a bayansa!"

Haka ne kuwa, ga 'yar barewa ba ƙaho, tana bin sawun babban.

"To kun gani," in ji Secundino yana miƙewa da kyar. "Ni dai na san ba ta faɗi daidai ba. Ta ce ɗaya, ga shi biyu ne."

Palmira ta jefe shi da guntun burodi. Dosinda ta yi dariya har ta riƙe ciki. Da dariyar ta lafa, Secundino ya cire hularsa ya matso, yana murza ta a hannu.

"Dosinda, kabejin nan fa... dama tsutsa ta riga ta gama da shi. Babanmu ya sani."

"Na sani, Dino. Ni ma na ga tsutsar."

"Shekara sittin da biyar ba ki faɗa ba?"

"Wa zai yarda da ni?"

Sabela ta fito da takardar allo da alƙalami, ta soke layin ƙarshe, ta ce, "Gwaggo, faɗi yadda kike so in rubuta."

"Kawo nan. Na iya."

Ta goge hannu a gaban riga, bai fita ba, ta karɓi alƙalamin a haka. Ta ɗora takardar a kan gwiwa, gari ya yi tsit ana jira, don ba ta da sauri. Ta rubuta da manyan baƙaƙe irin na ajin manya, tana fito da harshe gefe: "A kan dutsen nan akwai barewa biyu. Dosinda Lourido ta ga babbar tana da shekara tara." Ta tsaya, ta dubi matar yayanta, ta ƙara: "Ƙyallen Palmira ne ya nuna su."

"Ni fa?" in ji Secundino. "Da ban faɗi a kai ba, wa zai gani?"

Dosinda ta dube shi ta saman tabarau.

"Kana so a rubuta yadda ka faɗi? Da harshe uku?"

"Bar shi haka," ya ce da sauri. "Ya yi kyau."

Ta miƙa wa Sabela takardar, da hoton babban yatsanta baƙi a gefe. Mutum huɗu suka ɗaga ƙyallen ta kusurwa huɗu suka gangara da shi gari a buɗe, mai algaita a gaba, Palmira a gefe tana tsawa kada ya taɓa ƙaya. Dosinda ce ta ƙarshe. A rabin hanya ta tuna ta bar sandarta a gindin kututture, ta waiwaya, sannan ta ce gobe da sassafe ta dawo ta ɗauka.